Ɗan damfara ya kira ni a waya: in yi masa bishara ko in kashe?

Tambaya: "Baba Fasto, salama a gare ka cikin sunan Ubangiji. Ni tsohuwar malamar firamare ce, na yi ritaya, ina cikin zumuntar mata a ikilisiyarmu a Kafanchan. Kusan kowane mako sai wani ya kira ni ya ce daga banki yake, wai za a rufe asusuna in ban karanto masa lambobin katina ba. Da na gane su, sai na fara ce musu, 'Ɗana, Yesu yana ƙaunarka, ka bar wannan aiki.' Wasu su zage ni, wasu su kashe. Amma wani yaro ya yi shiru, washegari ya sake kira ya ce in yi masa addu'a. Yanzu kuma yana cewa yana so ya bar aikin, sai dai ba shi da kuɗin motar komawa garinsu. Babban ɗana ya yi mini faɗa, ya ce in daina ɗaga baƙuwar lamba gaba ɗaya. Ni kuma ina tuna Ezekiyel, inda Allah ya ce in mai tsaro bai gargaɗi mugu ba, za a nemi jininsa a hannunsa. In na kashe waya na yi zunubi? Yaron nan fa, in tura masa kuɗin?"

Mama, salama a gare ki ke ma, Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi. Tambayarki ɗaya ce a ido, amma uku ne a ciki. Kina so ki san ko ya dace a yi wa ɗan damfara bishara a waya, kina so ki san ko dole ne, kina kuma so ki san abin da za ki yi da yaron da ke neman kuɗin mota. Zan fara da ta ƙarshe don ita ce ba ta jira: kada ki tura masa ko sisi, kada kuma ki tura katin waya. Dalilin yana zuwa a ƙasa. Sauran biyun kuwa, amsata a taƙaice ita ce ya dace, amma ba dole ba ne, kuma kashe waya ba zunubi ba ne. Ɗanki yana da gaskiya fiye da yadda kike so ki yarda, ke ma kina da taki gaskiyar da shi bai tsaya ya saurara ba.

Wane ne yake wancan gefen layin

Kafin a yi maganar wa'azi, sai a san wa ake yi wa. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 aka fara wannan sana'a, amma ta canza kama bayan Babban Banki ya kawo lambar BVN a 2014, aka kuma fara tilasta haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020. Kowane lokaci hukuma ta ce "ku sabunta, in ba haka ba za a rufe", ta ba ɗan damfara jumlar da zai buɗe baki da ita. Shi ya sa kusan dukansu da tsoro suke farawa. Abin da yake nema sananne ne: lambobin da ke gaban katin ATM, ranar ƙarewarsa, lambobi ukun nan na baya, lambar sirri, da lambar da banki ke turowa ta saƙo don tabbatar da ciniki. Yakan riga ya san sunanki, wani lokaci har ranar haihuwarki, kuma da wannan yake sayen amincewarki. Sanin sunanki ba shaida ba ce cewa daga banki yake. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri a waya, bankunan da kansu suna ta nanata wannan a saƙonninsu.

Akwai wani salo da ya fi shafar mu 'yan ikilisiya. Mutum ya kira ya gaishe ki da "salama", ya ambaci sunan ƙungiyarku ta WhatsApp, ya ce akwai taron addu'a ta Zoom yau da dare, an turo miki lambobi shida, ki karanto masa don ya sa ki a ciki. Lambobin nan shida su ne mabuɗin WhatsApp ɗinki. Da kin faɗa, ya ƙwace shi, ya bi 'yan zumunta ɗaya bayan ɗaya da sunanki yana cewa kina asibiti a taimaka. Na ga wannan ya faru da dattawan ikilisiya masu hankali sosai. Akwai kuma masu kira da tsakar dare da murya mai amo su ce su sarakunan aljanu ne, da masu cewa su bayin Allah ne an nuna musu ke a wahayi, akwai mutuwa a gidanki sai an yi sadaka. Kin ga ke nan harshen addini ba baƙo ba ne a bakinsu, kayan aikinsu ne.

A gefe guda, ba kowane mai kira ne uban gidan kansa ba. A watan Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya ana tsare da su ana tilasta musu damfara ta intanet, yawancinsu an yaudare su ne da alkawarin aiki. A nan gida, a watan Disambar 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Victoria Island da ke Legas, cikinsu akwai 'yan Sin 148 da 'yan Filifin 40, sauran kuma akasari matasanmu ne da aka ɗauka aiki. Waɗancan sun fi farautar mutanen Amurka da Turai. Mai kiranki da Hausa ko Turancin kasuwa ya fi kama da ƙaramin ɗan gida, shi kaɗai ko cikin 'yan tsiraru. Amma na kawo wannan don ki san tunaninki bai ɓata ba da kika ji tausayinsa. Mutum ne, Allah ya halicce shi cikin kamanninsa, wataƙila kuma akwai wani a kansa da ke jiran lissafin yini.

Abin da ziyarar gidan yari ta koya mini, kuma shi ne abin da nake so ki riƙe sosai, shi ne yawancin samarin da na tarar a can saboda zamba ba jahilan bishara ba ne. Da yawansu sunayen baftisma gare su. Wasu sun yi ƙungiyar mawaƙa, wasu 'ya'yan dattawa ne, suna kawo Yahaya 3:16 da ka ba tuntuɓe. Wasu kuma Musulmi ne da suka san sarai addininsu ya haramta cin dukiyar mutane da zalunci. Babu wanda na tarar da bai san sata laifi ba ce. Abin da suka yi shi ne sun daina kallon wanda suke cuta a matsayin mutum. Lamba ce kawai a takarda.

Ezekiyel, da Hirudus, da Filikus

Mu dawo kan ayar da ta hana ki barci. A Ezekiyel sura 3 da sura 33, Allah ya naɗa annabin mai tsaro a kan gidan Isra'ila. Aiki ne da aka ba mutum takamaimai a kan jama'a takamaimai. Darasin yana kanmu, ba na musu, musamman mu da aka ɗora wa kiwon ikilisiya, da iyaye a kan 'ya'yansu. Amma ayar ba ta ce duk wanda ya buga lambarki da niyyar sata ya zama amanar da za a tambaye ki ba. Ko a cikin surar ma, da mai tsaro ya busa ƙaho sau ɗaya ya fita daga alhaki. Ba a ce ya bi mugun gida yana roƙonsa ba. Ke kin riga kin busa.

Ki duba Ubangijinmu kansa. A Luka 23, da aka kai shi gaban Hirudus, sarkin ya yi murna don ya daɗe yana so ya ga wata mu'ujiza. Ya yi masa tambayoyi da yawa, Yesu bai amsa masa ko kalma ɗaya ba. A wannan rana kuma, a kan gicciye, ya amsa wa ɓarawon da ya ce a tuna da shi, ya yi masa alkawarin Firdausi. Ɗayan ɓarawon da ke zagi bai sami amsa ba. Rana ɗaya, Mai Ceto ɗaya, ya yi shiru ga wani ya yi magana ga wani. Littafin Karin Magana ma ya jera ayoyi biyu a 26:4 da 5, ta farko ta ce kada ka amsa wa wawa bisa ga wautarsa, ta biyu ta ce ka amsa masa. Marubucin bai manta abin da ya rubuta a layin sama ba. Yana nuna cewa wannan wuri ne na hikima, inda ake duba mutum da lokaci, ba a kafa doka ɗaya ga kowa.

Amma nassin da ya fi kama da halin da kike ciki yana Ayyukan Manzanni 24. Bulus yana tsare a Kaisariya, gwamna Filikus ya aika a kawo shi ya ji maganar bangaskiya ga Almasihu. Bulus ya yi masa magana a kan adalci, da kamunkai, da hukunci mai zuwa. Filikus ya tsorata, ya ce ya tafi tukuna, in ya sami zarafi zai sake kiransa. Sai Luka ya ƙara wata magana da mutane kan tsallake: gwamnan yana sa zuciya Bulus zai ba shi kuɗi, shi ya sa yake yawan aikawa a kawo shi suna hira. Shekara biyu ana haka. Ki lura da abu biyu a tare. Tsoron da Filikus ya ji na gaske ne, kwaɗayin kuɗin ma na gaske ne, duka a zuciya ɗaya. Bulus bai daina yi masa magana ba, bai kuma ba shi ko kwabo ba, ko da yake kuɗin zai iya buɗe masa ƙofar kurkuku. Ga mutumin da ke sauraron bishara yana lissafin aljihun mai bishara, ga kuma yadda manzo ya bi da shi.

Ki lura kuma da abin da Bulus ya zaɓa ya faɗa. Bai tsaya kan magana mai daɗi ba. Nan ne zan ɗan gyara miki, Mama. "Yesu yana ƙaunarka" gaskiya ce, babu gaskiyar da ta fi ta. Amma in ita kaɗai kika faɗa wa wanda yake tsakiyar yi miki sata, abin da kunnensa na sana'a yake ji shi ne: tsohuwa ce, mai taushin zuciya, mai addini, a canza salo. Maganar ƙauna tana bukatar a haɗa ta da kiran zunubin da sunansa.

Me ya sa na ce kada ki tura kuɗin

Ba ni da ikon ganin zuciyar yaron nan, kuma ba zan ce Ruhu Mai Tsarki ba ya iya taɓa mutum ta kira ɗaya ba. Yana iyawa. Amma ki bi tsarin abin da ya faru. Ranar farko ya nemi kuɗinki ta hanyar tsoro, bai samu ba. Ranar biyu ya nemi addu'a, ya sami amincewarki. Yanzu ya dawo kan kuɗi ta hanyar tausayi. Hanya ce ta canza, inda za a sauka bai canza ba. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Shi wannan magana da baƙi a waya ita ce aikinsa daga safe zuwa dare, ya san muryar da ke karya zuciyar uwa. Kuɗin mota kuma ba ya ƙarewa a kuɗin mota. Bayansa akwai ogan da ya riƙe masa kaya sai an biya, akwai mahaifiya a asibiti, akwai jarin fara sana'ar halal. Na zauna da iyalai da aka cinye musu kuɗin sallama ta wannan hanya, kaɗan kaɗan, kuma abin da ya fi ciwo shi ne wanda aka cuta yakan ɓoye wa 'ya'yansa, don yana ganin aikin Allah yake yi kuma ba za su gane ba.

Tuba ta gaskiya tana da alama, kuma Nassi bai ɓoye ta ba. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya shiga gidansa, ya tashi ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Kuɗi daga hannunsa suka fita. Shari'ar Musa ma haka ta tsara: wanda ya ci amana ya mayar da abin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, wanda ya saci tunkiya ya yanka ya biya huɗu. Bulus ya rubuta wa Afisawa a 4:28 cewa ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa don ya sami abin da zai ba mabukaci. Ko ɗan nan mubazzari na Luka 15, da ya dawo cikin hankalinsa a ƙasa mai nisa, tashi ya yi ya kama hanya, bai aika wa kowa a turo masa guzuri ba. Wanda tubarsa ta fara da "turo mini" ya fara ta daga inda ba a farawa.

Kuma ko da a ce da gaske yake, kuɗinki ba shi ne taimakon da ya fi bukata ba. Yana bukatar mutanen da za su gan shi ido da ido. Ki ce masa ya faɗi garin da yake. Babu babban gari a Najeriya da ba a samun ECWA ko COCIN ko Baftis ko Angilika ko Katolika ko EYN a cikinsa ko kusa da shi. Ya je da ƙafarsa wurin faston can ya faɗi abin da ya faɗa miki. In Musulmi ne yana so ya bar sata, ya je wurin iyayensa ko limamin unguwarsu, wannan ma alheri ne babba, ki ƙarfafa shi a kai. In ya je wurin fasto, faston can ya kira fastonku, su biyu su yi magana, ikilisiya ta yanke abin da za ta yi daga asusun taimako. A abin da na gani, mai neman kuɗi kawai yakan ɓace da zarar an ce "je ka wurin wane". Mai neman fita da gaske kuwa wannan ba ya yi masa wuya.

In za ki yi magana, ga yadda nake yi

Ni ma ana kirana, kuma ba kullum nake tsayawa ba. In ina gajiye, ko ina cikin mutane, ko na ji raina ya ɓaci, kashewa nake yi. Mai fushi ba ya bishara, huce haushi yake yi da ayoyi. In na tsaya kuwa, na riga na yanke tun kafin in buɗe baki cewa babu abin da zai fita daga wurina sai Maganar Allah. Kamar wanda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa da dare ne: yana iya magana ta taga, amma sakata tana nan a rufe. Ba na tabbatar masa da sunana, ba na faɗin bankina, ko ikilisiyata, ko unguwata, ko sunayen 'ya'yana. Wannan ya shafi shaida ma. Mu masu bi mun saba in za mu ba da shaida sai mu kawo labarin rayuwarmu duka: mijina ya rasu shekara kaza, ɗana yana aiki a Abuja, Allah ya sa an biya ni fansho. A majami'a wannan yabo ne. A kunnen ɗan damfara bayanai ne da zai dawo da su wata rana, ko ya sayar wa wani.

Maganata ba ta wuce minti ɗaya ko biyu. Nakan ce wani abu kamar haka: "Ɗana, na san ba daga banki kake ba, kuma ba zan ba ka komai ba. Abin da kake yi sata ce. Mutanen da kake kira suna da 'ya'ya da marasa lafiya, Allah kuma yana jin kukansu. Amma Yesu Almasihu ya mutu domin masu zunubi irina da irinka, ya gafarta wa ɓarawo a kan gicciye, zai karɓe ka in ka tuba ka bar wannan. Zan yi maka addu'a." In ya yi shiru, nakan yi gajeriyar addu'a nan take, in roƙi Allah ya ba shi tuba da aikin halal, ya kuma tsare waɗanda zai kira bayana. In ya fara zagi, ba na ramawa, sai in ce Allah ya yi maka jinƙai, in kashe. Bayan haka nakan toshe lambar. Gajartawar tana da dalili na duniya ma. Layin da aka ɗaga aka daɗe ana hira an san yana da rai kuma mai shi yana saurare, irin wannan lamba kuwa takan zaga hannu da hannu. Yanzu kuma akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun abin da aka naɗa, don haka doguwar hira da wanda ba a sani ba ba ta da amfani.

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a intanet wadda ba na so mu ɗauka. Mutum ya gane ɗan damfara ne, sai ya yi kamar ya faɗa tarko, ya ba shi lambobin ƙarya, ya ja shi minti talatin, a ƙarshe ya fashe da dariya ko ya rufe shi da wa'azi, ya naɗa ya watsa. Masu yin haka sukan ce suna cinye masa lokacin da zai cuci wani. Na fahimci hujjar. Amma wanda ya yi rabin sa'a yana ƙarya ba shi da bakin da zai ce "ka tuba" a minti na talatin da ɗaya. Bitrus ya ce mu ba da amsa da tawali'u da bangirma, Bulus ya ce maganarmu ta kasance da alheri, gyararriya da gishiri. Bishara ba sanda ba ce ta dukan wanda ya ɓata mana rai, haka kuma ayoyin la'ana na Zabura ba a ba mu su don mu jefi yaro a waya ba.

Abu ɗaya kuma da ya shafi inda muke zaune. Ba ki san addinin mai kiran ba, ba ki kuma san ko yana naɗar maganar ba. Ki yi maganar Yesu da abin da ya yi, ki tsaya nan. Kada ki taɓa addinin kowa, ko annabin kowa, ko ƙabilar kowa, ko da shi ya ja ki can da gangan. Duk wanda ke Arewa ya san abin da ya biyo bayan saƙon murya ɗaya a Sakkwato a watan Mayun 2022, wato kisan wata ɗaliba da aka zarga da ɓatanci. Ban da haɗarin ma, ba daidai ba ne: sata ba ta da addini, kuma maƙwabtanmu Musulmi suna shan irin wannan kira kamar yadda muke sha.

Kiran da ba a tsayawa a kai

Duk abin da na faɗa a sama game da mai cewa daga banki yake ne, ko mai cewa kin ci kyauta, ko an sa sunanki a tallafin gwamnati. In mai kira ya yi barazana, ya ce sun san gidanki, za su sace ki ko ɗanki in ba a biya ba, wannan wani abu ne dabam. A Kudancin Kaduna ba ma ɗaukar irin wannan da wasa. Sau da yawa ɗan damfara ne kawai yake hawa kan tsoron da ake ciki, amma ba ke za ki tantance ba. Kada ki yi gardama, kada ki yi wa'azi, kada ki yi alkawari. Ki rubuta lambar da lokacin, ki gaya wa ɗanki da fastonku, a kai wa 'yan sanda. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Mai kiran tsakar dare da sunan aljani ko wahayi shi ma kashewa ake yi. Duk ƙarfinsa yana cikin sa ki saurara cikin magagin barci, yakan kuma ce kada ki faɗa wa kowa. Duk wanda ya ce kada ki faɗa wa kowa, labarinsa ne za ki fara faɗa wa mutane.

Maƙwabcin da ba ki gani ba

Akwai wani mutum a cikin wannan labari da tambayarki ba ta ambata ba, wato wanda yaron zai kira bayan ya ajiye wayarki. Wataƙila wata gwauruwa ce a zumuntarku da ba ta yi makaranta kamar ke ba. In ana maganar mai tsaro, ga inda aikin tsaronki yake sosai. Ke malama ce, kin gane su, kin san yadda ake koyarwa. Ki nemi minti biyar a taron zumuntar mata ki bayyana musu abubuwan da ba a faɗa a waya. Ki sa jikokinki su kunna wa tsofaffi tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri da ke hana a ƙwace shi ko an sami lambobi shidan. Kowa ya je bankinsa ya karɓi lambar da ake dannawa a toshe asusu cikin gaggawa, don kowane banki da tasa, ya rubuta ta a bangon littafin waƙoƙinsa. Wannan ma hidima ce, kuma amfaninta a bayyane yake.

Kai ƙara kuma bai saɓa wa gafara ba. Kina iya yafe wa mutum a zuciyarki ki kuma ba da lambarsa, domin Romawa 13 ta ce hukuma ma'aikaciyar Allah ce don hukunta mai mugunta. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya ta hanyar yaudara, kuma faɗa wa yaro wannan ma gargaɗi ne na ƙauna. Ana kai rahoto ga bankin da aka yi amfani da sunansa, da kamfanin layin, da EFCC. Hukumar sadarwa ta NCC tana da lambar koke kyauta, 622. Aika STOP zuwa 2442 yana rage saƙonnin talla, sai dai ba ya hana ɗan damfara kira, kada a dogara da shi.

Ni fasto ne, ba ma'aikacin banki ba, ba kuma lauya ba. In a cikin hirarku da yaron nan kin riga kin faɗi wata lamba, ko kin danna wani abu da ya turo, kada ki jira amsata ko ranar Lahadi: ki toshe katin yau, ki je banki da kanki, ɗanki ya raka ki. Kuma ba zan yi miki alkawarin za ki ga amfanin maganar da kike yi musu ba. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi banruwa, Allah ne ya sa ya yi girma. A irin wannan hidima mai shuka kusan ba ya sanin abin da ya tsiro, kuma ni ba na auna ta da wanda ya sake kira.

Game da ɗanki, ku yi sulhu a tsakiya. Ba sai kin daina ɗaga baƙuwar lamba gaba ɗaya ba, tunda tsofaffin ɗalibanki da 'yan'uwa na nesa suna kira. Amma ki yi masa alkawari biyu: ba za ki tura wa wanda ba ki taɓa gani ba kuɗi sai kin gaya masa, kuma duk wanda ya sake kira bayan kin yi masa bishara, za ki miƙa shi ga fastonku ko wani dattijo namiji, ba za ki ci gaba da hirar ke kaɗai ba. Yaron nan kuwa, in ya sake kira, ki ce masa kina yi masa addu'a kuma ba za ki daina ba, kuɗi kam babu, ga lambar ofishin ikilisiya in fastonku ya yarda a bayar. Daga nan ki toshe lambarsa a wayarki.